Kurakuran da ake yawan yi wajen tantance nau'o'in tururuwa, da yadda za a gyara su

Masana sun tantance nau'in tururuwa sama da 14,000 a duniya, duk a dangi ɗaya da ake kira Formicidae, kuma har yau ana gano sabbi, musamman a Afirka inda aikin bai yi nisa ba. Shi ya sa nake jin takaici idan ɗalibi ya sha rana da cizo yana tara samfur, sannan ƙaramin kuskure ya ɓata aikin baki ɗaya.

A fara da gara. Sau da yawa za ka iske ta cikin kwalbar tururuwa saboda ita ma tana zaman gungu da sarauniya. Gara 'yar'uwar kyankyaso ce, binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2007 ya ƙara tabbatar da haka, ita kuwa tururuwa danginta su ne rina da ƙudan zuma. Duba ƙugu: na tururuwa a tsuke yake, da ƙulli ɗaya ko biyu tsakanin ƙirji da ciki, kuma ƙahonta na jin ƙamshi a lanƙwashe yake kamar gwiwar hannu. Gara ba ta da ko ɗaya.

Babban kuskuren dai shi ne dogara da launi da girma. Ɗalibi ya ga ƙananan tururuwa da wasu masu ƙaton kai, sai ya rubuta nau'i biyu, alhali daga rami ɗaya suka fito, uwarsu ɗaya. Haka jinsin (wato rukunin nau'o'i masu kusanci da juna) Pheidole yake, haka Camponotus, haka Messor, wato tururuwar nan mai kwasar hatsi a bakin gona tana kai wa raminta. Ko manyan masana wannan ya taɓa ruɗa su. Namijin kwarkwasa, ƙaton ƙwaro ja-ja mai fiffike da dogon ciki da ke zuwa wajen fitila da dare, masanin halittu Linnaeus ya ba shi suna a 1764 a matsayin rina. Daga baya aka raɗa wa ma'aikatan kwarkwasar, wato marasa fiffike da ke fita neman abinci, sunan jinsi dabam, sarauniyar ma nata dabam, aka yi shekaru da dama kafin a gane cewa duk jinsi ɗaya ne, Dorylus. Maganin wannan shi ne a bi tururuwa har gidanta, a ɗebi manya da ƙanana, da masu fiffike idan an dace, a zuba su a kwalba ɗaya mai lamba ɗaya. Akasin haka ma yana faruwa: abin da aka daɗe ana kira Tetramorium caespitum a Turai, bita ta 2017 ta nuna nau'i goma ne masu kama da juna sosai. Don haka ido kawai ba ya yanke hukunci. Sai an sa samfur ƙarƙashin maikuroskof, an ƙirga gaɓoɓin ƙaho, an duba haƙoran muƙamuƙi, an ga ƙullin ƙugu ɗaya ne ko biyu.

Sunayenmu na gida, cinnaka, kiyashi, gwano, suna da amfani ƙwarai wajen tambayar manoma inda rami yake, amma kowannensu yana iya ɗaukar nau'i da yawa. A rubuta sunan a littafin fili, kada a mai da shi sunan kimiyya kai tsaye.

Sai batun littafi. Wanda ya ɗauki jagorar tantancewa da aka rubuta don tururuwan Amurka ko Ingila ya nufi na Zariya da ita, zai samu suna, amma ba na gaskiya ba. Littafin Brian Fisher da Barry Bolton na 2016 kan jinsunan tururuwan Afirka da Madagaska shi ya dace da mu, sannan a gwada da hotunan da ke shafin AntWeb. Sunaye kuma suna sauyawa. A 2014 masana Schmidt da Shattuck sun rarraba jinsin Pachycondyla, baƙar tururuwar nan mai fita a jere farautar gara, wadda a da take cikinsa, ta koma Megaponera analis. A duba AntCat, kundin sunayen tururuwa da ke intanet, kafin a buga rahoto. Inda aka kasa kai wa ga nau'i, a tsaya a jinsi a ba shi lamba, Camponotus na 1, na 2. Wannan ya fi ƙirƙirar suna mutunci nesa ba kusa ba.

Wajen adana kuwa, a guji fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, don yana lalata ƙwayoyin gado. Etanol ake so, wato sifirit, mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari idan za a yi gwajin DNA, wato ƙwayoyin gado. 'Yar takardar bayani, wuri da kwanan wata da sunan mai tarawa, a rubuta ta da fensir a jefa cikin kwalbar, don tawadar da aka rubuta a waje tana gogewa da zarar etanol ya taɓa ta. Kada a soke tururuwa da allura. Ana manna ta ne a kan tsinin 'yar takarda mai kusurwa uku, ta gefen dama, yadda kai da ƙugu za su fito fili.

Ƙidaya ma tana yaudara. Ka binne kofuna a ƙasa a matsayin tarko, rundunar kwarkwasa ta bi ta kan ɗaya, dubbai su faɗa ciki, sai lissafi ya ce ita ce ta fi yawa a dajin, alhali gida ɗaya ne ya wuce. A ƙirga kofuna nawa nau'in ya bayyana a ciki, ba yawan ɗaiɗaikunsu ba. Kofi kuma na masu yawo a ƙasa kawai yake kamawa. Jar tururuwar mangwaro, Oecophylla longinoda, mai ɗinke ganye ta yi sheƙa, sai an ɗaga kai an girgiza reshe a kan farin ƙyalle. Masu zama cikin busasshen ganye sai an tankaɗe shi. A kuma koma wurin da damina da rani, da rana da dare, domin Camponotus da yawa ba sa fitowa sai bayan magariba.