Yadda za ka zagaya tsohon garin Guangzhou ranar Juma'a

Yawancin mutanenmu in sun je Guangzhou ta ƙasar Sin saro kaya daga otal sai kasuwa sai wajen masu kago, har su dawo ba su san unguwar Xiaobei ɗin da suke kwana a gundumar Yuexiu take ba, wato ƙwaryar tsohon garin kenan. Ware Juma'a ɗaya kawai, kasuwa ba guduwa za ta yi ba.

Kafin ka fita sa fasfo a aljihu, ka tabbata Alipay ko WeChat ɗinka na aiki don can kusan komai da waya ake biya, Google Maps kuwa manta da shi, ba ya aiki yadda ya kamata a can.

Shiga jirgin ƙasa layi na 5 a Xiaobei, tasha ɗaya ka sauka a Guangzhou Railway Station, ka canja zuwa layi na 2, tasha ɗaya kuma sai Yuexiu Park. Nan kusa masallacin Xianxian yake, inda akwai kabarin da mutanen wurin ke cewa na Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne, kodayake abin da muka sani a littattafanmu a Madina aka binne shi, to kar ka tsaya musu da kowa, yi sallarka. Ka je da wuri wallahi, don cika yake maƙil, Larabawa, 'yan Pakistan, Uigur na yammacin Sin, 'yan Mali, ga namu, sahu har tsakar fili.

An idar, in ƙafa ba ta gaji ba leƙa lambun Yuexiu ka ga benen Zhenhai da aka gina a 1380. In ta gaji wuce abinka.

Koma layi na 2 zuwa Gongyuanqian, ka hau layi na 1 ka sauka Ximenkou, ka tambayi titin Guangta. Nan masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafi tsufa a Sin, hasumiyarsa ta kai kusan mita 36, siririya ba ado ko kaɗan, amma ginin masallacin rufinsa irin na Sinawa ne har sai ka ɗauka wani wuri ka shigo. Ni nan na fi daɗewa, shiru ne, ka yi La'asar a natse.

Abinci kuwa nemi alamar 清真 a ƙofa, ita ce halal. Taliyar Lanzhou da naman shanu ba ta da tsada, amma ka ce a rage yaji tun kafin a zuba.