Kurakuran da aka fi yi wajen kwatanta motocin hacibak masu zafin gudu, da yadda za a gyara su

Tun daga shekarar 1976, lokacin da kamfanin Volkswagen ya fito da Golf GTI ta farko, mai ƙarfin doki 110 da nauyin da bai wuce kilo 810 ba, ake ƙera wani rukuni na motoci da ake so su yi aiki biyu: su kai mutum wurin aiki da safe, su kuma shiga filin tsere a ƙarshen mako ba tare da sun ji kunya ba. Su ne motocin hacibak masu zafin gudu, wato waɗanda but ɗinsu ke haɗe da ɗakin fasinja, ƙofar baya kuma take ɗagewa sama tare da gilashinta. Akasarin masu kwatanta su alƙaluman takarda kawai suke kallo, alhali abin da ke raba su a zahiri ba ya bayyana sai taya ta taɓa kwalta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ƙarfin inji a matsayin alƙalin da zai yanke hukunci. Mercedes-AMG A45 S tana da ƙarfin doki 421 daga inji mai lita biyu, Toyota GR Yaris kuwa ta fito a 2020 da doki 261 a kasuwar Turai daga inji mai silinda uku, sai dai nauyin ta farkon ya haura kilo 1,500, ta biyun kuma kusan 1,280 ne. Nauyi ba ya ɓoyuwa a fili: shi ke cin taya a kwana, shi ne kuma yake rikiɗa ya zama zafi a faifan birki duk lokacin da aka taka. Gyaran shi ne a raba ƙarfin da nauyin kafin a ce komai, a kuma tabbatar ma'aunin iri ɗaya ne, domin dokin da ake rubutawa a Jamus ya ɗan gaza na Amurka, kuma kilowat ɗaya daidai yake da doki 1.36 a lissafin Turai.

Haka abin yake game da daƙiƙun da mota ke ɗauka daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa. Volkswagen Golf R ta ƙarni na takwas ta fito tana yin hakan cikin daƙiƙa 4.7 saboda tana ja da tayoyi huɗu, Honda Civic Type R kuwa, mai ja da tayoyin gaba kaɗai, sai ta ɗauki 5.4. Wanda ya tsaya a nan zai ce Golf ta yi fintinkau. Amma a filin tsere sau ɗaya tak ake tashi daga tsaye, sauran aikin duka na kwana ne da birki.

Daga nan sai mu zo kan lokacin zagaye a Nürburgring, wanda a ganina shi ne alƙalamin da ya fi ruɗar masu saye. Filin yana ƙasar Jamus, an buɗe shi a 1927, kuma kamfanoni suna rububin kafa tarihi a kansa don talla. A 2019 Renault Mégane R.S. Trophy-R ta zagaye shi cikin minti 7 da daƙiƙa 40.1, a 2023 kuma Civic Type R ta yi minti 7 da daƙiƙa 44.881, aka ce ita ce ta karɓi kambun motoci masu ja da gaba. Mai karatu zai yi mamakin yadda wadda ta ɗauki lokaci mafi tsawo ta zama zakara. Dalilin shi ne an auna ta farkon a kan kilomita 20.6, ta biyun a kan cikakken zagaye mai kilomita 20.8, kuma a wannan dogon ma'aunin Renault ɗin minti 7 da daƙiƙa 45 da ɗoriya ta yi. Ko an daidaita ma'aunin ma, akwai sauran magana. Trophy-R ba ta da kujerun baya sam, guda 500 kacal aka ƙera, Honda ɗin kuma tayoyin Michelin Pilot Sport Cup 2 aka saka mata maimakon Pilot Sport 4S da take zuwa da su. Ƙwararren direba ne a bayan sitiyari, a fili busasshe da aka keɓe masa shi kaɗai, kuma zagaye ɗaya ake nema daga gare shi. Mai saye ya fi buƙatar sanin halin da motar za ta shiga a zagaye na goma, don haka rahoton da ya yi gudu mai tsawo a jere ya fi masa amfani fiye da sanarwar kamfani.

A zagaye na goman nan ne kuskure mafi haɗari yake fitowa, wato zaton cewa motar da aka yi wa laƙabi da ta tsere za ta jure fili yadda ta fito daga kamfani. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da motar yana ninkawa sau huɗu. Man birki yana tsotsar danshin iska a hankali, kuma ƙa'idar ingancin man birki mai suna DOT 4 ta nuna girman illar: sabon mai ba zai tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyos ba, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a 155. Da zarar ya tafasa, sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa motar ba ta rage gudu ba. Maganin ba mai wahala ba ne: a canza man kafin ranar fili, a saka fad ɗin birki da aka yi don jure zafi, a kuma yi zagaye ɗaya a hankali kafin a fita, kada a ja birkin hannu faifai na da zafi. Kada kuma a rikita man birki na DOT 5.1 da na DOT 5, domin na biyun da silikon aka yi shi, ba ya haɗuwa da sauran. Injin turbo ma yana rage wa kansa ƙarfi idan iskar da yake shaƙa da baƙin mai suka yi zafi, shi ya sa girman lagireto da na'urar sanyaya mai suka cancanci shiga cikin kwatance.

Akwai abin da ba a cika ambata ba alhali yana sauya halin mota mai ja da gaba gaba ɗaya, shi ne difaranshal mai hana taya ɗaya juyawa a banza. Idan babu shi, tayar cikin kwana takan yi ta sulɓi yayin da aka ba da wuta, motar kuma ta nufi waje. Hyundai i30 N ta 2017 misali ce mai kyau: nau'in Performance mai doki 275 yana da shi, ƙaramin nau'in kuwa ba shi da shi, duk da cewa sunansu ɗaya. A duba takardar kayan kowace mota, kada a dogara da bajon da ke manne a bayanta.

A ɓangaren zirga-zirgar yau da kullum, kuskuren juyawa yake yi. Mutum yakan gwada mota na minti goma a kan titi mai santsi, taurin shokozoba ya burge shi, sai bayan wata guda gargada ta fara gaya masa gaskiya a ƙugu. Manyan wili masu siririyar taya suna da kyan gani, amma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa su. Honda da kanta ta sauko daga inci 20 zuwa 19 a Type R ɗin da ta fitar a 2022, ta faɗaɗa tayar a maimakon haka. Shokozoba mai sauya tauri ta hanyar maɓalli, irin wanda ake samu a Golf GTI da i30 N, shi ne abin da ya fi sasanta ayyukan biyu, kuma ya kamata a gwada shi a yanayinsa mafi laushi a kan hanya mafi muni da mutum yake bi. Tayoyin Cup 2 da ke kafa tarihi a busasshen fili ba sa son ruwa kwance ko sanyi, suna kuma saurin cinyewa, don haka wanda zai riƙa zuwa fili a kai a kai gara ya ajiye wili na biyu.

Sannan a zauna a kujerar baya, a buɗe but. GR Yaris ƙofa uku gare ta, but ɗinta lita 174 ne kawai, rufinta kuma ya yi ƙasa a baya. Civic Type R tana da wadataccen but, sai dai mutum huɗu take ɗauka, kuma giyar hannu mai hawa shida kaɗai take da ita, abin da ke da daɗi a fili amma yake gajiyar da ƙafar hagu a cunkoso.

Na ƙarshe shi ne mantawa da takardu. Inshorar titi yawanci ba ta biyan ɓarnar da ta faru a filin tsere, sharuɗɗan garanti kuma sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, musamman idan an taɓa kwamfutar inji don ƙara ƙarfi. A karanta su tun kafin a biya kuɗin mota, a nemi inshorar rana ɗaya ta fili idan ana sayar da ita, a kuma ƙirga da gaskiya kwana nawa a shekara za a shiga filin. Wanda amsarsa kwana biyu ce, Golf GTI mai doki 245 da sabon man birki ta ishe shi. Wanda yake zuwa duk wata, shi ne zai mori taurin Type R.