Hoton neman aiki: kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar mai hoto a Maraɗi

Duk shekara matasa na fitowa daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da sauran makarantu, kowa da dosiyensa a hannu, kuma da wuya ka ga dosiyen da ba a neman hoto a cikinsa. Ga ɗan kasuwar da ke son fuskarsa a katin shago, ga ma'aikaciyar da aka ce ta kawo hoton da za a sa a shafin ƙungiyarsu ko a LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki a intanet. Abin da aka saba shi ne a kira yaron unguwa da ya sayo kyamara daga Kano, wanda ake gani wajen biki da suna. Ba laifi ba ne a ba shi aiki, da koyo akan iya. Sai dai hoton biki daban, hoton aiki daban, kuma yawancin ɓacin ran da ake samu daga nan yake tasowa.

Kuskuren farko tun wajen magana ake yin sa. Mutum ya ce "zo ka ɗauke ni hoto mai kyau", shi ke nan, bai faɗi inda hoton za shi ba. Alhali kowane wuri da ƙa'idarsa. Bizar ƙasashen Turai irin su Faransa tana son milimita 35 a faɗi, 45 a tsawo. Ta Amurka murabba'i ce, kusan santimita 5 kowane gefe, baya fari, kuma tun 2016 ba su karɓar hoto da tabarau. Duka biyun suna son hoton da bai wuce wata 6 da ɗauka ba. LinkedIn kuwa da'ira yake yanka hoto, in babu fili a saman kai sai hula ta tafi. Ka karanta masa abin da takardar ta nema. In bai taɓa jin waɗannan ma'aunai ba, je sutudiyo don hoton hukuma, ka bar masa na intanet.

Sai haske, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Ranar Maraɗi ba ta wasa. Wanda aka tsayar a fili tsakanin sha biyu da ƙarfe uku zai fito da rami baƙi a ƙarƙashin ido, goshi na ƙyalli da zufa, ido a ƙanƙance. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, abin ya fi muni. Gudu zuwa gindin bedi ma ba magani ba ne, don hasken da ke ratsa ganye yana barin dabbare-dabbare a fuska. Gyaran mai sauƙi ne: da hantsi kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar, a tsaya a bakin zaure ko cikin inuwar katanga, fuska na kallon inda haske ke shigowa. Kada taga ko ƙofa ta kasance a bayanka.

Akwai wani abu da masu koyo ba su cika sani ba. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta raba tsakani. In ka sa farar shadda mai sheƙi ka jingina da farin bango, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, rigar ta fito tas, fuskarka ta nutse cikin duhu. Ka ce ya auna haske a kan fuskarka. A waya, taɓa fuskar a allo kafin a ɗauka ya isa. Riga mai shuɗi ko ruwan toka ta fi farar sauƙin sha'ani, kuma atamfa mai manyan zane tana janye ido daga mai ita.

Kusantar da kyamara bakin hanci shi ma kuskure ne. Babban idon waya mai faɗi ne, in aka matso sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ja baya. Mai hoto ya ja da baya kamar mita biyu, ya jawo hoton ninki biyu, kyamara daidai tsayin idonka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne abin da suke kira gyara. Ɗiyar yayata a unguwar Zariya ta biya wani yaro jaka 5 don hoton neman aiki a wata ƙungiya. Da ya turo, ta miƙo mini wayar ta ce, "Kawu, duba don Allah, wannan ni ce?" An wanke fatar ta koma jawur, kunci sumul kamar roba, an rage mata haɓa, har ƴar tsagar da ke kuncinta an shafe. Da ta kira shi sai ya ce, "Yaya, ai kyau na ƙara miki, kowa haka yake so." Da gaske yake, don a wajen biki abin da ake yaba masa ke nan. Amma wanda zai kira ka ganawa yana son ya ɗaga kai ya gane mutumin da ke cikin takarda. Tsagar Bakatsine ko ta Bagobiri shaida ce ta gidan da ya fito, ba tabo ba ne da za a goge, kuma launin fatarmu ba ya bukatar wanki. A hoton fasfo ko biza irin wannan gyara kan sa a mayar da dosiye. Ka faɗa masa tun farko: a cire ƙurjin da ya fito yau, a rage ƙyallin zufa, sauran a bar su yadda Allah ya yi. In da waya ce, a kashe abin ƙawata fuska, don wayoyi da yawa da shi a kunne suke zuwa.

Galibi mata masu hijabi ba sai sun cire ba. Abin da ake so fuska ta fito sarai daga goshi zuwa haɓa, babu inuwar mayafi a kanta.

Maganar kuɗi kuma, kunya ce ke cutar mutane. Yaron ɗan maƙwabci ne, sai a ji nauyin tambaya, a biya duka, a zauna jira har ranar rufe karɓar dosiye ta matso. Kafin a fara, ya nuna maka hotunan fuska da ya ɗauki wasu, ba na amarya da ango ba. Ku yanke hoto nawa zai ba ka da ranar da zai kawo, ka ba da rabi, sauran sai ka gani. Ranar ɗauka kada ka tashi sai ka duba allon da kanka, ka buɗa wajen ido ka tabbata bai yi dishi-dishi ba.

In zai turo ta WhatsApp, kada ya turo yadda ake tura hoton gaisuwa, don manhajar na matse shi, in aka je wankewa sai ya farfashe. Ya turo yadda ake tura takardar PDF, ko ya sa maka a kile, wato USB. Ka nemi na asali wanda ba a taɓa ba tare da wanda aka gyara. In gyaran ne ya ɓata aikin, na asalin ya isa ka kai sutudiyo a yanka maka shi daidai ma'auni. In kuwa haske ne ya lalace ko hoton ya girgiza, kwamfuta ba za ta ceto shi ba, sai ku sa wata safiya ya sake ɗauka a cikin kuɗin da ka riga ka biya.