Idan likitan Ingila ya ce gishirin jininka ya yi ƙasa

Wanda ya yi rajista da likitan unguwa a Ingila, wato GP, ana iya ɗibar jininsa don gwaji, balle in yana da hawan jini ko ciwon sukari. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi yi shi ne U&E, na duba ƙoda da gishirin jiki, a Amurka kuma makamancinsa BMP ne. In sakamako ya fito, duba layin da aka rubuta sodium ko Na, wato sodiyam, gishirin jinin da ake magana. Lafiyayyen mutum lambarsa tana tsakanin 135 da 145, kodayake ɗakunan gwaji da yawa a Ingila suna sa 133 zuwa 146.

In lambar ta faɗo ƙasa da haka, sunan da za ka gani a takarda shi ne hyponatraemia. Amurkawa suna cire harafi ɗaya su rubuta hyponatremia, abu ɗaya ne. Ana furta shi kamar "haifo-natirimiya". Ka lura da farkon kalmar: hypo ƙasa ne, hyper sama, kuma a bakin Bature mai saurin magana kusan ɗaya suke fita. Akwai hypernatraemia, kishiyarta, da maganinta daban. In kana gaya wa wani likita ta waya, ka bar doguwar kalmar, ka ce "low sodium" ka faɗi lambar. Su ma likitocin haka suke yi da marasa lafiya, ka ji sun ce "your salts are a bit low".

To a nan mutanenmu suke zamewa. Da an ji gishiri ya yi ƙasa sai a koma gida a ƙara gishiri da Maggi a miya, wani ma a dama masa kunun kanwa. Alhali galibi gishirin da ke jiki bai ragu ba, ruwa ne ya yi yawa ya tsinka shi, kamar miyar da aka cika wa ruwa. Mai ciwon zuciya, ko na hanta, ko na ƙoda, jikinsa riƙe ruwa yake yi, ƙarin gishiri kuwa kumburi zai ƙara masa, hawan jini ya tashi. Kada a ƙara komai sai likita ya gano dalili.

Dalilin kuwa sau da yawa yana cikin jakar magani. Kan gaba su ne magungunan hawan jini masu sa fitsari, waɗanda a Ingila ake ce wa "water tablets", irin su indapamide da bendroflumethiazide. Sertraline da citalopram na damuwa, carbamazepine na farfaɗiya, har omeprazole na gyambon ciki, duk suna iya jawo shi. Abin ya fi kama tsofaffi, musamman mata. Masu ɗauko Hajiya daga gida ta zo jego, ku buɗe kunne. Tsofaffinmu da yawa suna shan Moduretic, wanda ya yaɗu sosai a Najeriya, kuma an san shi da saukar da sodiyam. Hajiya za ta iso da ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, babu kwali babu suna, in an tambaye ta ta ce "na hawan jini ne, da fari da ja". Tun kafin ta taso ku sa a ɗauki hoton kwalayen, ranar ganin likita kuma a tafi da su duka, har da jiƙe-jiƙen gargajiya in tana sha. Kuma kada a tsayar mata da magani da ka, a bari likita ya canza.

Amai da gudawa ma suna kawo shi, in mutum yana ta kwankwaɗar ruwa zalla. Ruwan gishiri da sukari da muka sani a gida ana sayar da shi a kantin magani da sunan Dioralyte, ba sai da takardar likita ba.

Daga 130 zuwa 134 mutum na iya jin garau, ko ɗan ciwon kai da kasala da tashin zuciya. Ƙasa da 125 abin ya yi tsanani. Amma saurin faɗuwar ya fi lambar muhimmanci, don ruwa ne ke shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura. Tsohuwar da jiya take hira lafiya, yau tana maimaita tambaya, ta rikice a raka'o'in salla, tana tangaɗi in ta miƙe, kada a ce tsufa ne ko baƙunta, kada kuma a tsaya a tofi kaɗai. A kira 111 a nemi shawara. In akwai jijjiga, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko barcin da ba a iya tashinta, a kira lambar gaggawa 999 kai tsaye. A Amurka 911.

A asibiti za ku ga kamar ana jan ƙafa: a ɗebi jini, a jira, a sake ɗiba. Da gangan ne. In aka ɗaga sodiyam da gaggawa yana iya lalata ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a so ya haura kamar maki 10 a kwana ɗaya. Wani lokaci maganin shi ne a rage ruwa, a ce kada ya wuce lita ɗaya a rana, har a rubuta "fluid restriction" a gefen gado. Shayi da kunu da fura duk suna cikin lissafin, don haka masu zuwa dubiya da fulas su fara tambayar nas.

Kuna da damar neman tafinta kyauta a NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ku nema tun wajen karɓar lokacin ganin likita, domin mai jin Hausa ba kullum ake samunsa nan take ba. Ganin GP da sashen gaggawa kyauta ne ga kowa a Ingila, amma baƙon da ya shigo da bizar ziyara in aka ba shi gado sai ya biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. A yi wa Hajiya inshorar lafiya kafin a sayi tikiti, a kuma bayyana musu hawan jinin nata a fom ɗin.