Yadda ake lissafin ƙaruwar gudu ba tare da awa da sakan sun rikita ka ba

Masu shirin WAEC da JAMB ku matso kusa, wannan lissafin na fiziks da ake ce ma akselareshan yana da sauƙi wallahi, amma yara da yawa suna zubar da maki a kansa saboda abu ɗaya tak, suna zuba lambobi cikin fomula kafin su daidaita awon.

Fomular dai ita ce a = (v − u) ÷ t. a ita ce akselareshan, wato ƙaruwar gudu, u gudun farko, v gudun ƙarshe, t lokacin da aka ɗauka. Amsa kuma tana fitowa ne a m/s², don haka dole gudun ya zama mita a sakan, lokaci kuma ya zama sakan.

To fara da juya gudun. Malejin mota kilomita a awa yake nunawa, kuma haka masu tambaya suke son ba ka shi don su gwada ka. Kilomita ɗaya mita 1000 ce, awa ɗaya kuma sakan 3600 (minti 60 sau sakan 60), idan ka raba 3600 da 1000 za ka samu 3.6, nan ne asalin lambar da malamai ke ta cewa a haddace. Daga km/h (kilomita a awa) zuwa m/s (mita a sakan) raba da 3.6, in kuma komawa za ka yi sai ka ninka. In babu kalkuleta a hannu, daga km/h zuwa m/s ninka da 5 ka raba da 18, duk ɗaya ne.

Sai lokaci, minti ka ninka da 60, awa da 3600, shikenan.

Mu gwada. Direba yana tafiya a 36 km/h, ya taka totur, cikin sakan 5 allurar maleji ta hau 90. 36 ÷ 3.6 = 10, sannan 90 ÷ 3.6 = 25. Cire 10 daga 25 saura 15, raba da 5, ka samu 3 m/s². Ma'ana duk sakan ɗaya motar tana ƙara mita 3 a sakan kan gudunta.

Yanzu duba abin da mai gaggawa zai yi, 90 − 36 = 54, ya raba da 5 ya rubuta 10.8 hankalinsa kwance. Alhali dutsen da ka saki daga saman bene ma 9.8 m/s² yake yi, to ta yaya motar haya cike da fasinja za ta wuce haka? Ni dai ina ganin wannan 9.8 ɗin ya kamata kowa ya riƙe a ka yana auna amsarsa da ita.

Birki ma fomular ce dai. Mota a 72 km/h, wato 20 m/s, ta tsaya cak cikin sakan 4, v ya zama 0 kenan, (0 − 20) ÷ 4 = −5 m/s². Kar ka goge alamar ragin nan don ta ba ka tsoro, ita ke nuna gudun raguwa yake.

Na ƙarshe ka yi da kanka: jirgin ƙasa ya tashi daga tsaye, u = 0, ya kai 108 km/h cikin minti 2. Mayar da mintin sakan 120 tukuna. Idan ba 0.25 m/s² ka samu ba, koma ka duba rabon da ka yi da 3.6.