Yadda Ake Daidaita Ɗaurin Bel Mai Ɗaukar Hoto a Firinta da Injin Fotokwafi

Yawancin injinan fotokwafi da ke shagunanmu da dorom, wato silinda mai ɗaukar hoto, suke aiki, shi ya sa mai gyara zai iya shekara da shekaru bai taɓa bel mai ɗaukar hoto ba. Amma akwai injinan da bel ne ke yin aikin dorom a cikinsu: manyan injinan Xerox irin su DocuTech, Nuvera da iGen, da ƙananan firintocin kala irin su Brother HL-2700CN. Kada a rikita shi da baƙin bel ɗin da ke karɓar launuka daga dorom huɗu ya miƙa wa takarda. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda ake yi wa caji, hasken leza ya zana hoto a kansa, hodar tona ta manne masa.

Abu ne siriri ƙwarai, kaurinsa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Leda ce mai ƙarfi aka shafa wa sinadarin da ke jin haske, aka haɗe bakinta biyu ta zama zobe. A gefe guda akwai baƙin layi na at, wato mai sauke caji zuwa ƙasa, wanda wani ɗan buroshi ke gogawa, akwai kuma ɗan rami da sensa ke karantawa don kada hoto ya faɗa kan mahaɗin. Bel ɗin yana zagaye roloji: rolar da moto ke juyawa, rolar ɗauri wadda sifirin biyu ke turawa, ƙaramar rolar da takarda ke rabuwa da bel a kanta, sai kuma rolar saiti a manyan injina, wadda ke hana shi zamewa gefe.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko: sifirin ne ke ba bel ɗauri, ba ƙarfin hannunka ba. Aikinka shi ne ka mayar da ɗaurin yadda masana'anta suka tsara shi, gefen gaba da gefen baya su zo daidai. Taɓa noti shi ne abu na ƙarshe.

Ka fara tabbatar da cewa ɗaurin ne matsalar

Bel mai sako-sako yana sulɓewa a kan rolar moto. Za ka ga rubutu ya takure a wani wuri ya miƙe a wani, ko ratsi-ratsi a kwance da ba su da tsayayyen tazara, launuka su ƙi hawa kan juna, wani lokaci injin ya tsaya ya ce bai ga ramin bel ba. Wanda aka ɗaure fiye da kima kuma fatarsa tsattsagewa take yi a inda yake lanƙwasa kan ƙaramar rola, sai ƙananan baƙaƙen layuka su fito a takarda, mahaɗin ya fara buɗewa daga baki, boris ya soma kuka. In gefe ɗaya ya fi ɗaya ɗauri, bel zai riƙa tafiya gefe har bakinsa ya ci ƙarfe ya yage, ka kuma ga wata tattara a karkace a jikinsa.

Buga shafi mai launin toka fari-fari, wanda ya cika takarda, guda goma a jere, ka ɗauko rula. In tabon yana dawowa a tazara ɗaya, to rola ce ke da laifi. Raba tazarar da 3.14 ka samu kaurin rolar: tabo a kowace milimita 78 ko 79 na rola mai milimita 25 ne, a kowace milimita 94 kuwa na mai 30 ne. In tabon sai bayan shafuka kaza yake dawowa a wuri ɗaya, rauni ne a jikin bel ɗin kansa, kuma babu ɗaurin da zai warkar da shi.

Kayan aiki

Sukundireba, sifana daidai da notin injin, baniya ta auna tsawo, ma'aunin ratayawa da ke kaiwa kilo 10, alƙalamin maka, safar hannu ta roba marar hoda, ƙyalle marar zare, sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, baƙar leda mai kauri, da littafin gyaran wannan samfurin na injin. Littafin ba ado ba ne, a cikinsa adadin ɗaurin yake.

1. Kashe injin, ka rage haske

Kashe, ka zare fulogi daga soket. Wayar caji tana aiki da dubban bolt, hita mai narkar da tona a kan takarda kuma tana kaiwa wajen digiri 180, don haka ka ba shi minti 30 ya huce. Rufe taga, kashe fitilar sama, kashe fanka. Hasken ɗaki na minti biyu ko uku ya isa ya gajiyar da fatar bel, hasken rana kuwa yana iya kashe ta gaba ɗaya. Da zarar ka jawo sashen bel waje, lulluɓe shi da baƙar leda, ka riƙa buɗe inda kake aiki kawai. Kada ka haska shi da tocilar waya.

2. Yi alama kafin ka kwance komai

Ja layi da maka a kan kowane noti da ƙarfen da yake zaune a kai. Auna tsawon kowane sifirin a yadda yake a ɗaure, ka rubuta: na gaba kaza, na baya kaza. Auna kuma tazarar bakin bel zuwa ƙarshen rolar moto. Waɗannan lambobi uku su ne hanyarka ta komawa gida in aiki ya rikice.

3. Saki ɗaurin, ka zare bel

Janye robar da ke share hoda, da sashen tona, da na caji, don kada su karce shi. Juya hannun da ke sakin rolar ɗauri. Riƙe bel ta bakinsa biyu da safar hannu, ka zaro shi a hankali ba tare da ya karye ba, domin duk inda ya naɗe ya yi layi, layin ya zauna ke nan. Lura da gefen da baƙin layin at yake, don haka za ka mayar da shi. Rataye shi a kan bututun kwali mai faɗi, ka rufe.

A ƙananan firintoci irin Brother da aka ambata, bel da rolojinsa a cikin akwati ɗaya suke zuwa, ba a buɗewa. Sabo yana zuwa da ƙusoshi biyu, ɗaya a kowane gefe, da ke riƙe sifirin don kada bel ya zauna a ɗaure a sito. Cire su duka biyu kafin ka saka. Mantawa da ɗaya kaɗai ya isa ya sa bel ya karkace tun a shafin farko.

4. Wanke roloji

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Rolar moto tana da fatar roba da ke kama cikin bel. Hodar tona, garin takarda da ƙurar hunturu suna taruwa a kanta har ta yi santsi kamar kwalba, sai bel ya riƙa sulɓewa alhali ɗaurinsa lafiya lau. Wanda bai sani ba sai ya ƙara ɗaure noti, sulɓin ya tsaya na mako biyu, daga baya bel mai tsada ya tsage.

Jiƙa ƙyalle da sifirit, ka goge rolar daga wannan ƙarshe zuwa wancan kana juya ta, har sai ƙyallen ya daina fitowa da baƙi. Ka bi sauran roloji da sandunan da ke tallafe bel ta ciki. Ka duba ƙarshen kowace rola da kyau: datti da ya daskare a gefe ɗaya yana ƙara mata kauri a wurin, bel kuma yakan hau zuwa inda rola ta fi kauri. Kada fetur, tina ko kananzir su kusanci wurin. Bar komai ya bushe minti goma.

Sannan juya kowace rola da yatsa. Wadda ke cijewa ko girgiza, borisinta ya mutu. Tura rolar ɗauri ciki ka sake ta: dole ta dawo da kanta, gefe biyu a lokaci ɗaya. In gefe ɗaya yana maƙalewa, wanke hanyar da yake zamewa a kai, ka ɗiga giris kaɗan kamar ƙwayar gero, nesa da inda bel ke bi.

5. Gwada sifirin

Cire su biyun ka jera a kan tebur. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo da milimita ɗaya ko fiye, ko ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, canza su duka biyu tare. Sabo da tsoho ba sa turi ɗaya. Kada ka miƙar da sifirin da filaya, kada kuma ka cusa washa (ɗan zoben ƙarfe) a bayansa don ya ƙara ƙarfi. Dabara ce da ke aiki yau ta ɓata bel gobe.

6. Mayar da bel, ka auna

Goge cikin bel da busasshen ƙyalle. Zura shi, layin at a gefensa, ka daidaita bakinsa da tazarar da ka rubuta. Saki rolar ɗauri sannu a hankali, kada ka bar ta ta buga. Juya rolar moto da hannu, ta fuskar da injin ke juyawa kawai, zagaye uku, don bel ya zauna.

Irin wannan bel galibi ana ɗaure shi da kimanin giram 180 zuwa 200 a kowace santimita ta faɗinsa. Bel mai faɗin santimita 35 ke nan yana ɗauke da kilo 6 zuwa 7. In ya naɗe rabin rolar ɗauri, sifirin biyun suna tura ninkin haka, wato kowanne wajen kilo 6 zuwa 7. Wannan don ka san inda ake ne, lambar littafin injinka ita ce hukunci. Maƙala ma'aunin ratayawa a ƙarshen sandar rolar, ka ja ta saitin da sifirin ke matsewa, ka karanta a daidai lokacin da ta fara motsi. Yi haka gaba da baya, sau uku-uku. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambobin biyu su yi kusa da juna. Bambancin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma yana buƙatar gyara.

7. Juya noti, kwata ɗaya bayan ɗaya

In injin yana da notin saiti, wato mai ƙara ko rage ɗauri, sassauta notin da ke kulle shi, ka juya kwatan zagaye ɗaya tak, ka sake aunawa. Bel yana gudu ne zuwa gefen da ya fi sako-sako. Saboda haka in yana tafiya baya, ƙara ɗaurin baya kwata ɗaya, ko ka rage na gaba in ma'auni ya nuna gaban ya yi yawa. Gefe ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Bayan kowane juyi, zagaya bel sau goma kafin ka yanke hukunci, domin ba nan take yake amsawa ba. Mai gaggawa yakan juya sau uku kafin na farko ya nuna aikinsa, sai bel ya tsallaka ɗaya gefen.

In ka kai cikakken zagaye ɗaya daga alamarka bel bai daina tafiya ba, tsaya. Ko dai bel ɗin ya miƙe a gefe ɗaya, ko firam ya murɗe. Duba ƙafafun injin: babban inji da ke zaune a kan daɓen da bai daidaita ba yana murɗewa, kuma wannan kaɗai yana karkatar da roloji.

Injinan da ke da rolar saiti mai moto da sensar bakin bel su ke gyara tafiyar da kansu. A irinsu ba a taɓa rolar saiti da sifana. Goge sensar, ka shiga shirin gwaji na masu gyara, ka kunna saitin bel kamar yadda littafi ya nuna.

8. Haɗa, ka gwada

Ɗaure makullan noti kana riƙe da notin saiti don kada ya juya. Tabbatar buroshin at yana taɓa baƙin layin. In ka sa sabuwar robar shara ko sabon bel, barbaɗa hodar santsi da ke zuwa da su, in ba haka ba robar na iya kifewa ta karce bel a juyin farko.

Buga shafi mai layuka biyu da tazarar milimita 200 a tsakaninsu ta tsawon takarda, ka auna. Kuskuren da bai wuce milimita ɗaya ba karɓaɓɓe ne. Sake buga shafin tokan nan, sannan ka saki kwafi 100 a jere, ka buɗe ka auna bakin bel. In yana nan inda ka bar shi, ko yana ɗan kai-komo cikin milimita ɗaya, aiki ya yi. Rubuta tsawon sifirin da lambar kwafi a takarda ka manna a cikin ƙofar injin, ka sake dubawa bayan kwafi 1,000, domin sabon bel yakan ɗan saki a kwanakin farko.

Injin da za a rufe na wata ɗaya ko fiye, musamman a zafin bazara, a saki hannun ɗaurinsa in yana da shi. Bel da ya daɗe a ɗaure wuri ɗaya yana ɗaukar siffar ƙaramar rola, kuma wannan lanƙwasar tana fitowa a takarda a matsayin ratsi ɗaya a kowane zagaye. A liƙa takarda a kan makunnin don wanda zai kunna ya san sai ya mayar da hannun tukuna.