Yadda nake tantance gem kafin in bar shi ya kwana a waya ko kwamfuta

Ƙanena ne ya turo mini kwamfutarsa shago, wai fanka na ta huci ko da ba ya taɓa komai, data kuma tana zurarewa kamar an huda tulu. Na tambaye shi abin da ya saka kwanan nan. Ya ce, "Yaya, gem ɗaya ne kawai, kuma kyauta aka ba ni a filashi." Wannan kalma ta "kyauta" ita ta sa na ja kujera. Daga ranar nake da wani tsari da nake bi a kan kowane gem, nawa ko na masu kawo gyara, shi ne zan shimfiɗa a nan.

Amma a fara da labarin Red Shell, don shi ya koya wa masu buga gem da yawa cewa ba gem ɗin sata kaɗai ke ɓoye abu ba. A watan Yunin 2018 wasu 'yan wasa suka riƙa tono manyan fayilolin wasannin da suka saya da kuɗinsu, suka ci karo da wata ƙaramar manhaja mai wannan suna, ta wani kamfani da ke Amurka. An same ta a Civilization VI, da Elder Scrolls Online, da Conan Exiles, da Kerbal Space Program, da wasu wasannin Total War, da wasu da dama. Aikinta shi ne ta tattara siffofin kwamfutarka: wace irin Windows, girman allo, yankin lokaci, harshe, har da nau'o'in rubutun da ke ciki. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. Idan aka haɗa su wuri ɗaya sai su zama kamar zanen yatsa, domin da wuya kwamfutoci biyu su dace a duka. Da wannan ne mai gem yake gane cewa wanda ya danna tallarsu a Facebook ko YouTube jiya shi ne ya buɗe gem ɗin yau. Kamfanin ya dage cewa awon talla kawai yake yi, ba leƙen asiri ba. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ba wanda aka tambaya, kuma abin ya fallasa makonni kaɗan bayan dokar kare bayanan Tarayyar Turai ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018. Masu Elder Scrolls Online suka ce kuskure ne ya sa ta shiga kuma ba a kunna ta ba. Ɗaya bayan ɗaya kamfanoni suka cire.

To, a kwamfuta ga abin da nake yi. Ina buɗe babban fayil ɗin da gem ya zauna, in karanta sunayen ƙananan fayilolin da suka ƙare da dll. A Steam, wato shagon sayen gem na kwamfuta ta intanet, ka danna gem ɗin da maɓallin dama na linzami, ka shiga Manage, sai Browse local files. A zamanin waccan rigimar, rubuta "redshell" a akwatin bincike kawai ake yi sai ga RedShellSDK.dll ya bayyana. Yau sunan zai iya zama wani daban, shi ya sa duk sunan da ban gane ba nake kwafa in bincika shi a intanet. Kada ka goge fayil don ka tsargu da shi. Sau tari gem ɗin zai ƙi tashi, ko Steam ta mayar da shi a sabuntawa ta gaba.

Abin da ya fi goge fayil amfani shi ne ka ga da wa gem ɗin yake magana. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta resmon, shiga shafin Network. Kunna gem, ka bar shi a gefe, ka dawo ka duba adireshin da yake aika saƙo. Na kamfanin gem ɗin dole ne ka gani. Wanda ba shi da alaƙa da wasa, shi ake tuhuma. Idan ka tabbata na talla ne, sai ka toshe masa hanya ta fayil ɗin hosts. Ka buɗe Notepad da ikon mai gida, wato Run as administrator, ka nemo C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, a can ƙasa ka ƙara layi irin wannan:

0.0.0.0 api.redshell.io

Ma'anarsa, duk lokacin da wata manhaja ta nemi wannan adireshi, kwamfuta za ta nuna mata hanyar da ba ta ɓullewa. Haka mutane suka yi wa Red Shell kafin kamfanoni su cire ta, kuma dabarar tana aiki a kan yawancin adireshi masu suna irin wannan. Ka fara ajiye kwafin fayil ɗin a gefe. Na taɓa toshe adireshin da gem ke shiga asusu da shi, na ɓata rabin yini ina zargin kamfanin layi.

Akwai kuma wani nau'i da hosts ba ya maganinsa, kuma a nan ne nake so a nutsu. Wasannin da ake gasa da mutane ta intanet suna zuwa da manhajar kama masu maguɗi. Wasu daga cikinsu suna zama ne a can cikin zuciyar Windows, wurin da suke iya ganin komai da komai, sama da ikon kai kanka mai kwamfutar. Vanguard na kamfanin Riot, wanda ya zo da Valorant a 2020 aka kuma shigar da shi League of Legends a 2024, yana tashi ne tun lokacin da ka kunna kwamfuta, ko za ka buga gem ko ba za ka buga ba. Easy Anti-Cheat da BattlEye su kuma sai gem ya tashi suke farkawa. Ban ce suna satar hotunanka ba, kuma duk wanda ya sha kashi a hannun mai harbi ta bayan bango ya san dalilin da ya sa aka ƙirƙire su. Matsalar ita ce ƙofar da suke buɗewa. A 2016 Capcom ta saka wa Street Fighter V wata sabuntawa da ta bar irin wannan ƙofa a buɗe ga kowace muguwar manhaja, sai da ta janye ta. A 2022 masu binciken Trend Micro, kamfanin tsaron kwamfuta, suka gano 'yan damfara suna amfani da fayil ɗin kama maguɗi na Genshin Impact wajen kashe manhajar kariya kafin su kulle kwamfutar mutum su nemi kuɗin fansa. Mafi muni shi ne na ESEA, wani dandalin gasar gem, a 2013, inda aka cusa abin haƙar Bitcoin a cikin manhajarsu, ya riƙa aiki a kwamfutoci kimanin 14,000 ba da sanin masu su ba, har maganar ta kai ga sasanci na dala miliyan 1 da jihar New Jersey ta Amurka. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Irin wannan ba a toshe shi, ba a yi masa dabara. Ka taɓa shi a kore ka daga gem, wani lokaci har abada. Zaɓi biyu ne kawai: ka yarda, ko ka haƙura da gem ɗin. Tun ƙarshen 2024 Steam ta wajabta wa masu gem su rubuta a shafin sayarwa idan suna amfani da irinsa, saboda haka ka duba kafin ka biya. Shawarata ga mai hali, kwamfutar da ake harkar banki da takardun ofis daban, ta gem daban. Marar hali kuwa, idan ya gama da gem ɗin ya leƙa jerin manhajojin da ke kwamfutar ya tabbata mai kama maguɗin ya bi shi. Vanguard yana da nasa layi a jerin, shi ma sai an cire shi.

Yawancinmu dai a waya muke wasa: Free Fire, PUBG Mobile, eFootball, ludo. A nan aikin ya fi sauƙi, sai dai mutane ba sa yi. Kafin in sauke gem, ina rubuta sunansa a shafin Exodus Privacy, wata ƙungiya ce a Faransa da ke warware manhajojin Android ta lissafa masu bibiyar da ke ciki, wato ƙananan manhajojin da ke tattara bayananka, da izinin da suke nema. Za ka riƙa ganin sunaye irin su AppsFlyer, Adjust, AppLovin da Unity Ads. Crashlytics ba ya tayar mini da hankali, rahoton faɗuwar gem yake kai wa masu shi. Amma ɗan gem na jera duwatsu mai ɗauke da masu bibiya rututu, wannan ba wasa yake sayarwa ba, kai yake sayarwa.

Bayan an sauke, sai izini. Shiga Settings, nemo Permission manager, ka bi su ɗaya-ɗaya: makirufo, kyamara, wurin da kake, lambobin waya, saƙonni. Gem ɗin da kuke magana da abokai yana buƙatar makirufo, ka ba shi amma na lokacin amfani kawai. Ludo ba ta da abin yi da lambobin matarka da surukanka. Kada a ɗauka zargi ne na banza: a ƙarshen 2017 jaridar New York Times ta bayyana cewa wasanni sama da 250 a Google Play suna ɗauke da manhajar kamfanin Alphonso, wadda ke sauraron sautin talabijin ta makirufo don sanin abin da mai waya yake kallo. Daga Android 12 zuwa sama, ɗigon kore yana fitowa a saman allo duk lokacin da ake amfani da makirufo ko kyamara, kuma Privacy dashboard yana nuna wanda ya taɓa su a awa 24 da suka wuce.

Sai lambar talla, wadda da ita kamfanoni ke haɗa abin da ka yi a wannan manhaja da na waccan. A Android tana ƙarƙashin Ads, a sashen Google ko Privacy, gwargwadon wayarka. Danna Delete advertising ID, shi ke nan. Mai iPhone ya shiga Privacy & Security, sai Tracking, ya kashe damar neman bibiya gaba ɗaya, abin da Apple ta kawo tun 2021. Wanda yake son ƙari ya nemo Private DNS a saitin intanet ya rubuta dns.adguard-dns.com. Zai toshe adireshin talla da bibiya masu yawa. Sai dai in gaya maka gaskiya, tallar nan da ake kallo a ba ka ƙarin rai ko 'yan kuɗin gem ita ma za ta daina zuwa. Yara biyu sun dawo mini da wayoyinsu a kan wannan.

Wurin buɗe asusu ma ina kauce wa maɓallin "shiga da Facebook". Ina da imel na dabam da ba ya ɗauke da cikakken sunana, na gem ne kawai. Amma kada ka zauna a matsayin baƙo marar asusu don gudun bibiya, ranar da waya ta ɓata ko aka yi mata filashin, duk wahalar shekara ta tafi.

Mu koma kan ƙanena. Abin da na samu a kwamfutarsa ba Red Shell ba ne, ba kuma na wani kamfani ba. Wanda ya fasa gem ɗin ne ya lauye wata manhaja a ciki, tana tashi da Windows tana cinye ƙarfin na'ura. A shafin Startup na Task Manager, inda Windows ke jera manhajojin da ke tashi tare da ita, na gan ta, da suna marar ma'ana kuma babu sunan mai ita. Irin wannan ne ya fi yawa a wayoyin da ake kawo mini: gem ɗin da aka yi wa kwaskwarima, mai lu'ulu'u marasa ƙarewa, da ake turawa juna ta Xender ko Telegram. Duk abin da na lissafa a sama bai kai shi haɗari ba, don babu wanda ya duba shi, kuma kai da hannunka ka kashe Play Protect, mai gadin da Google ta saka a waya, don ya shiga. Idan irinsa ya nemi izinin karanta saƙonni ko na Accessibility, lambar sirrin da banki ke turo maka yake nema, ko ikon danna allo a madadinka. Cire shi nan take, sannan ka canza kalmar sirrin imel da ta banki daga wata wayar daban, ba daga wadda ta kamu ba.

Kwamfutar ƙanena kam ban tsaya tsince-tsince ba. Na kwashe masa takardun makaranta a filashi mai tsabta, na sake mata Windows daga tushe, ya zauna a gabana ya canza kalmomin sirrinsa huɗu kafin in miƙa masa caja.